Ta'aziyyar Bayahude a Zaurenmu

Shekarun baya ne masu nisa, ina sabon malamin elementare, lokacin da nake ganin babu matsalar da alli da baƙin allo ba za su warware ba. Shekarar ce da rediyo ta cika gari da labarin yaƙin Masar da Yahudawa, har mai sayar da rake a Ƙofar Mazugal ya zama masanin siyasar duniya. A cikin wannan zafin mahaifinmu ya rasu, aka yi jana'izarsa da safiyar Juma'a.

Baba dillalin fatu ne. Babban abokin cinikinsa wani dattijon Bayahude ne mutumin Tarabulus, mai kanti a Fagge. Sun daɗe tare suna ciniki suna musu, musun ma ya fi cinikin yawa. Yayana kuwa malami ne mai karatu na gaske, yana da samari masu ɗaukar karatu a wurinsa, waɗanda zafinsu ya fi karatunsu nisa. Ya sha gaya wa Baba cewa wannan abota ba ta dace ba. Baba yakan ce, "To Malam, na ji," washegari ya shimfiɗa wa mutumin tabarma.

Bayan an sauko daga masallaci muna zaman makoki a zaure, sai ga dattijon a kan kekensa. Ya cire takalmi, ya samu wuri can bakin ƙofa a ƙasa, ya zauna. Kowa ya san abin da ake cewa: ya haƙuri, Allah ya ji ƙansa. Shi bai ce uffan ba. Ya sunkuyar da kai kawai, ya yi zamansa mai tsawo, ya tashi ya tafi.

Zauren ya ɗau ƙunƙuni. Wani ɗalibi ya ce murna ya zo yi. Wani ya ce leƙen asiri ne, kamar akwai wani asiri a zaurenmu ban da buhunan fatu. Yayana ya ɗaga murya ya rantse da Allah ba zai taɓa yi wa mutumin nan magana ba, kuma in ya sake dawowa, duk abin da samari suka yi masa shi ya ja. Na dubi samarin. Ba su yi kama da masu buƙatar a maimaita musu ba.

Ana idar da la'asar na zame na nufi Fagge, ina tsara jawabi a hanya kamar mai shirin darasi. Na sami dattijon yana rufe kanti.

Na ce, "Baba, don girman Allah kada ka dawo. Kuma shirun nan naka, me ya kawo shi? An ɗauka wulaƙanci ne."

Ya ce, "Wulaƙanci? Ɗana, a wurinmu mai zuwa gaisuwar mutuwa ba ya fara magana. Yakan zauna ƙasa ya jira wanda aka yi wa rashi ya buɗe baki. Zafin nasa ne, shi zai zaɓi lokacin magana."

"To ai ga ni na yi magana. Ni ma ɗansa ne."

Sai ya kama hannuna ya yi mini ta'aziyya har idona ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Taka ke nan. Saura ta babban."

Na gaya masa rantsuwar, na gaya masa samarin da sandunansu. Na ce in ya zama dole, bari in nemo ɗan doka ya rako shi. Ya yi dariya.

"In shiga makokin abokina da ɗan doka? Malam ƙarami, irin yayanka ba baƙo ba ne a wurina, mu ma muna da su. Ƙanina na ciki ɗaya ba ya cin abincin gidana, wai na yi sakaci da addini. Na kuma ga ranar da aka cinna wa unguwarmu wuta a Tarabulus. Masu cinnawar suna kabbara, maƙwabcin da ya ɓoye mu a ɗakin matarsa shi ma yana kabbara. In na ga wuta zan gudu, na taɓa gudu, ba ni da kunyar hakan. Amma wannan bai zama wuta ba tukuna. Yaro ne ubansa ya mutu."

Yaron da yake faɗa gemunsa ya fara furfura.

Na ce, "In suka doke ka fa?"

"In na fasa zuwa fa? Samarin nan za su koyi cewa sanda tana aiki, gobe su gwada ta a kan wani. A rediyo Bayahude ba shi da fuska. Gara su ga guda ɗaya zaune, gwiwarsa na ciwo."

Na dawo gida da abu ɗaya da nake lallashin kaina da shi: gobe Asabar ce, ranar da ba ya buɗe kanti, ba ya hawa keke. Na gode wa Allah da ya sa wa Yahudawa wannan doka. Wanda kawai na gaya wa yadda muka yi shi ne tsohon wanzamin Baba, wanda ya yi wa yayana kaciya, saboda haka ba ya shakkarsa.

Da hantsin Asabar ina raba goro, sai na ji layinmu ya yi tsit. Na leƙa. Ga shi nan tafe a ƙasa, yana ɗingishi, gumi ya jiƙa masa riga. Ashe hawa dokar ta hana, ba tafiya a ƙasa ba. Malamin makaranta guda, wannan ɗan bambancin ya wuce ni.

Samarin suka miƙe suka tsaya a bakin zaure. Bai ture kowa ba, bai kuma ja da baya ba. Ya sunkuya ya cire takalminsa a gaban ƙafafunsu, ya raɓa ta gefe ya zauna inda ya zauna jiya. Suka kewaye shi, suna duban malaminsu, suna jiran ko da ƙifta ido ne. Yayana ya kafa wa bango ido yana jan carbi. Masu shigowa gaisuwa suka riƙa maƙalewa a ƙofa. Ni kuwa ina riƙe da farantin goro, ina lissafin ko in faɗa tsakani, da kuma ko haƙarƙarina zai ɗauka. Wani daga cikinsu ya fara buga gindin sandarsa a ƙasa, daf da yatsun tsohon.

Sai wanzami ya yi gyaran murya. "Malam, ka ce masa wani abu mana, ko zagi ne. Mutumin nan al'adarsu ce, sai wanda aka yi wa rashi ya fara magana. In ka yi shiru, wallahi har arba'in yana nan, ka ga sai mu sa shi a lissafin tuwo."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Yayana ya juyo, idonsa jawur, ya daka wa dattijon tsawa: "Kai! Me kake nema a gidan nan? Addu'arka ba ta da amfani a wurinsa!"

Dattijon ya ɗago kai. "Na gode, Malam, ka buɗe mini baki. Ban kawo addu'a ba, na san ba za ka karɓa ba. Zama na kawo. Mahaifinka ya yi shekaru yana kira na zuwa addininku, bai samu kaina ba, bai kuma taɓa hana ni wurin zama ba. Duk musun da muka yi, in na kawo hujja sai ya ce, bari ɗana Malam ya dawo, shi zai ƙure ka. Ya yi alfahari da kai har ya gundure ni. Allah ya ba ka haƙuri."

Carbin ya tsaya. Yayana da Baba ba su rabu da daɗi ba a watannin ƙarshe, duk zauren an san haka. Can yayana ya ce, "Na ji." Sannan ya dubi mai sandar: "Kai, ajiye abin nan, ka ba shi hanya. Nan gidan makoki ne."

Tsohon ya dafa bango ya miƙe, ya sa takalmi, ya ɗingisa ya tafi.

Kada wani ya ɗauka sun zama aminai. Yayana bai canja ra'ayinsa ba har ya koma ga Allah. Ya ciyar da miskinai kaffarar rantsuwarsa, ya kuma hana ɗalibansa zuwa karatu da sanda, iyakar abin ke nan.

Na karanta littattafai da dama daga baya a kan yadda za a yi da masu tsananin addini, wasu har da babi-babi. Har yau ban tabbata dabarar dattijon nan za ta yi aiki ko'ina ba, shi kansa bai ce za ta yi ba. In na tuna ranar gabana yakan faɗi, don na san da ɗan ƙiris labarin ya zama wani daban. Abin da na riƙe kawai shi ne, duk zauren nan mun ɗauki yayana a matsayin malami mai fushi, muna tsoronsa. Mutum ɗaya ne ya gan shi a matsayin maraya.