Tandun Man Kaɗe na Dije

A ƙauyenmu na bayan Bici, da an idar da magariba lokacin sanyi sai mu jikoki mu kewaye murhun Iya, kakarmu ta wajen uba. Fuskarta duk tamoji ce, ta yamutse kamar busasshiyar kuɓewa, ba ta kuma taɓa shafa mata ko ɗigon mai ba. Wata rana ta kama ni ina murza man kaɗe a goshi. Ta fizge kaskon, ta ce, "Zauna, 'yar nema. Yau tatsuniyar taki ce. Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Wai an yi wata mata, Dije, wadda ta rantse tsufa ba zai same ta a zaune ba. Tun tana budurwa, kafin layi ɗaya ya fito, kullum da asuba takan wanke fuska ta shafa man kaɗe daga wani ɗan tandu. Ba ta kai abinci gona sai da malfa. Ba ta tsayawa cikin hayaƙi, ba ta ɗaure fuska, ko dariya sai ta auna. Ta haura arba'in da 'ya'ya shida, baƙo yana yi mata kallon amarya.

Rannan mahara suka faɗo wa garin ana tsakar girbi. Suka tara mata a gindin tsamiya suna dubawa, don ba sa jan tsofaffi. Duk wadda fuskarta ta tattare sai su kore ta. Tsararrakin Dije duk suka tsira. Da aka zo kanta ta ce, "Wallahi waccan da kuka saki tare aka yaye mu!"

Iya ta kwaikwayi muryar shugaban maharan: "Ke yarinya, wa za ki yi wa wayo?" Suka zarga mata igiya suka yi arewa da ita.

Muka kwashe da dariya, har da tafi, muna cewa Dije ta yi wauta. Iya ta yi ta tura kara cikin wuta, ba ta ko rufe tatsuniyar ba.

Sai bayan rasuwarta, ina da aure, muka tarar da wani busasshen tandu ƙunshe cikin tsumma a ƙarƙashin gadonta. Na tambayi Baba. Ya ce, "Na uwarta ne. Dije. Iya tana cikin rumbu a ɓoye, ta kafa ido a tsaga, tana kallo aka tafi da ita."

Yau tawa fuskar ta yamutse, na kuma san Dije ba ta yi laifin komai ba. Gyara ta yi a zamanin da gyara ke jawo igiya. Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne dariyar nan. Ni na fi kowa ɗaga murya, Iya tana zaune tana ji muna yi wa uwarta tafi.