Lambar Sirri a Jikin Bango

Tun daga Birnin Kudu na hau babur zuwa Gwaram cikin rana, saboda wani Alhaji mai shagon taki ya ce wayfai ɗin da na haɗa masa ya lalace. Kwamfutar ciniki ta ƙi motsi, manoman Zandam sun gaji da jira sun koma wani shagon.

Ina sauka ya hau ni da faɗa a gaban jama'a, wai ban san aikina ba. Ina ɗaga kai sai ga lambar sirrin wayfai ɗin a jikin bango, an rubuta da gawayi! Har 'yan tasha sun hau kai suna kallon bidiyo.

"Alhaji, wa ya rubuta wannan?"

"Ni ne mana. Maƙwabci ya roƙe ni, sai in dubi idonsa in ce a'a?"

Amma ni ya iya duban idona ya ci min mutunci!

Na canja lambar, na ware wa baƙi layinsu daban. 'Yan kasuwa, in kuna jin kunyar maƙwabta, ku sa a raba muku layi biyu, ku daina ɓata mana suna. Ko mu masu gyara ba a jin kunyarmu ne, jama'a?