Ƙarar da Ta Kore Ni Daga Ɗakin Kakata

Ina gaida edita da masu karatu. Shekara biyu da suka wuce, ni yarinya ce da duk ƙauyenmu, can kusa da garin Kamlin, aka sani da kwaikwayon kukan dabbobi. Idan na yi kukan jaki, jakunan unguwa sai sun amsa. Na taɓa yin carar zakara da tsakar rana har wani tsoho ya zabura yana neman buta. Malamarmu ta ce da da wannan ake cin jarrabawa, da tuni na zama likita. Daɗin sunan nake ji, ban san zai juyo kaina ba.

Tun ina ƙarama a ɗakin kakata nake kwana, wadda muke kira Haboba kamar yadda maƙwabtanmu Larabawa suke kiran tasu. Allah ya ba ta kunne na fitina. Tana jin tafiyar tururuwa a kan tabarma, tana jin sauro yana shawara a gidan maƙwabta. Ƙara kaɗan sai ciwon kai ya kwantar da ita, zafi kuma ya hana ta ƙailula, wato barcin rana. Da lantarki ya iso ƙauyenmu, baffana da ke aiki a Jidda ya ce a saya mata mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki da ake kafawa a taga, mai ciyawa a gefe da kwanon ruwa a ƙasa.

Haboba ta ce ba wanda zai zaɓa mata, don kunnen Baba na ado ne. Muka tafi birnin Madani. Ta zauna a tsakiyar shago ta fito da carbinta, ta ce a kunna su ɗaya ɗaya, wanda duk ya hana ta jin ƙwayar carbi tana bugun 'yar'uwarta ba ta so. Na farko ta ce lori ne yake haye madatsar ruwa ta Makwar. Na biyu ta ce injin gurzar auduga ne aka shafa wa fenti. Mai shago ya yi ta rantsuwa, ta ce masa ɗana, da kayanka na kirki ne da ba ka wahalar da sunan Allah haka ba. Daga ƙarshe aka kunna wani ƙarami, ta ja carbi, muka ji ƙas, ƙas. Shi muka ɗauko. Baba ya kafa doka cewa ruwan rijiyarmu da gishiri, zai busar da ciyawar, don haka shi da kansa zai riƙa ɗebo na tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki, a garwa idan ya dawo daga ban ruwan asuba.

An yi kwanaki ana barci lafiya. Wata rana bayan azahar, ɗaki ya yi sanyi, ina kwance da littafina, sai muka ji ƙwarr, ƙwarr. Haboba ta buɗe ido ɗaya ta zuba mini. Na rantse ba ni ba ce. Ta ce in rufe mata baki, ai ta san muryata, wannan ma kwaɗon da na yi a bikin 'yar maƙwabta ne. Washegari haka, jibi haka. Inna ta sa na guntsi ruwa na zauna tun azahar, ƙarar ta zo, ta ce to da hanci nake yi. Abin da ya gama da ni shi ne, da Baba ya turo ƙofa ya nufi taga sai ƙarar ta ɗauke ɗif. Ya ce injin da yake jin tsoron uba bai taɓa gani ba, yarinya dai ya sani. Ya ce in aka ƙara, zai kai ni wurin gwaggona a garin Wad Haddad in yi tsinkar auduga, makaranta ta jira, ga jarrabawa ta matso.

Aka ƙara, aka kai ni. Kwasfar auduga ta yayyanke mini yatsu, rana ta gasa ni har gwaggo ta ce da dare sai haƙorana take gani. Amma ba wannan ya fi mini ciwo ba. Ranar da zan tafi na tsaya a ƙofar Haboba na yi sallama, tana ji, ita da ke jin tururuwa, ba ta amsa ba.

Sauran labarin yayana ne ya ba ni da ya zo ɗaukata. Bayan tafiyata ƙarar ba ta fasa ba. Haboba ta ce muryata na bari a ɗakin don mugunta. Inna ta daina gaisawa da maƙwabciyarmu, wai tun ranar da aka kafa mukayyif take kallon tagar da wani ido. Aka karɓo rubutu aka zuba a kwanon ruwan, ƙarar ta ƙara kauri. Sai Baba ya koma kan mai shago, ya ce dama rantsuwarsa ta yi yawa, zai mayar masa da kayansa. Yana kwance murfin gefe, sai ga kwaɗi a zaune cikin sanyi, sun yi ɓul-ɓul kamar 'yan kasuwa. Ɗaya ya yi tsalle ya sauka a rawaninsa. Ashe da duhun asuba yake kamfato su a garwa, in ruwa ya fara zuba a ciyawa su ɗauka damina ce, in sun ji takun mutum su yi shiru.

Da na dawo, sai Baba ya miƙo mini garwar da sabuwar rariya, yana kallon wani wuri. Haboba kuwa ta sa aka mayar da gadona kusa da nata. Da ƙailula ta ce ƙawata, yi mini kwaɗon nan in ji. Na yi. Ta saurara ido a rufe, ta daɗe, sannan ta ce nawa ya fi kyau, waɗancan ba su iya ba, kuma da kunnenta na kirki ne da tun ranar farko ta gane. Ban taɓa jin ta kushe kunnenta ba sai ranar.

Jarrabawa dai ta wuce ni, na maimaita aji, ƙawayena suna gabana har yau. Na gane cewa idan aka san ka da wasa, ranar da ka faɗi gaskiya ma wasa za a ɗauka. 'Yan'uwana masu tsokana, ku rage wani abu don wannan ranar. Masu sayen mukayyif, ku tace ruwan tur'a. Iyaye kuma, kafin ku ɗaure kayan yaro, don Allah ku fara kwance murfin.