Kunnen Baban Gareji

Kullum da safe, kafin ya taɓa sifana, Baban Gareji sai ya zagaya tsofaffin motocinsa yana gaishe su. Ya ɗaga tamfol, ya shafa bonet, ya tambayi wannan yadda ta kwana. Wata ma kaji sun yi shekaru suna ƙwai a kujerarta kafin a jawo ta nan. Shekara arba'in da ɗaya yana tayar da motocin da aka fid da rai da su, ƙarshen watan nan kuma zai ajiye aiki.

Ba shi da na'urar gwaji. Dogon sukundireba yake ɗora wa inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya rufe ido, sai ya faɗi ciwon motar. Ni littattafai na sani, ba mota ba, amma mai waldan da ke maƙwabtaka da shi ya rantse min cewa a gabansa Baba ya gano noti guda da ya kwance, a injin da makanikai uku suka ce a kai wa 'yan gwangwan.

Sai dai kunnen ya fara tafiya, kuma shi kaɗai ya sani. Abin da ke cinsa a rai, wannan sauraro ba a rubuce yake ko'ina ba. In kunnen ya rufe kafin wani ya koya, shi ke nan.

Matasa suna zuwa, amma hoto ke kawo su. Bai taɓa korar kowa ba. Samfefa yake miƙa wa mutum, ya ce in ya goge tsatsar ƙofa ɗaya hoton zai fi kyau. Yawancinsu ba sa dawowa. Yayata ta dawo. Wata takwas ya hana ta kwance inji, sai sauraro kawai. Takan shigo gida tana mita, wai an mai da ita likitan da ba ya ba da magani.

Ana haka wata tsohuwa ta sa aka jawo motar marigayi mijinta, wadda ta shekara ashirin a ajiye. Ba hawa take so ba, so take ta sake jin ƙarar da motar ke yi in ya dawo daga aiki. Wata huɗu suna kanta. Ranar da ta tashi kowa ya yi tafi, tsohuwar kuwa ta girgiza kai, ta ce ba haka take yi ba.

Baba ya kafa kunne. Ya daɗe, gunji kawai yake ji. Da ya ce wa tsohuwa mantuwa ce ta yi, da ba wanda zai musa. Sai ya ɗago a gaban kowa.

"Ba na ji," ya ce. "'Yata, zo ki ara min kunnenki."

Yayata ta karɓi sukundireban, ta kafa kunne, ta rufe ido. Can ta ce, "Baba, haki take yi. Iska ta mata yawa."

Ya riƙa juya sukurun kabireta kaɗan-kaɗan, idonsa a fuskarta, har ta ɗaga masa hannu. Ƙarar ta sauka, ta daidaita. Tsohuwa ta zauna a kan taya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Ga shi ya dawo," in ji ta.

Baba, gwanin sauraro, kai ne ka yarda aka ga rauninka don kada sana'ar ta tafi tare da kai. Ban san yadda ake gode wa irin wannan ba, amma mun gode. Allah Ya ƙara lafiya.

Ku kuma 'yan'uwana masu sha'awar tsofaffin motoci, kallo ya isa haka. Akwai guda biyar a ƙarƙashin tamfol suna jiran hannu, Yaya kuma ba za ta iya ita kaɗai ba. Ku zo da tsofaffin tufafi, don baƙin mai ba ya fita.