Na Ce Lafiya Lau, Na Rasa Yatsana

Edita, lokacin da abin nan ya same ni, ni mai ɗaukar hoton biki da suna ne, ina zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Sparkbrook ta Birmingham da matata da 'yarmu. Asabar ina Birmingham, Lahadi ina Manchester, kullum amarya da ƙawayenta, wannan ta ce in rage mata tumbi, waccan ta ce in ƙara mata haske. Wallahi na gaji. Burina a ga hotona a yaba don aikin ya yi kyau, ba don gwaggon wani tana ciki ba.

Sai wani Bature da muke hayar fitilu a shago ɗaya a Manchester ya ce akwai gurbin mai ɗaukar hoto a jirgin ruwan da zai kai wasu 'yan wasa tsibiran arewacin Scotland. Wasan nasu shi ne su hau allo su tsaya a kan igiyar ruwa tana gudu da su, kuma da tsakiyar hunturu. Matata ta ce ni da sai na sa rigar sanyi biyu nake zuwa Stratford Road sayen nama, me zai kai ni teku? Na ce mata ba ta san harkar ba.

Tun kafin mu tashi matuƙin jirgin, wani dattijo mara yawan magana, ya ja mana kunne cewa duk wanda ya daina jin yatsunsa ya faɗa nan take, don inda za mu babu asibiti kusa. Na gyaɗa kai kawai. Ranar da igiyar ta yi kyau aka sa ni a ƙaramin kwalekwale don in matsa kusa da 'yan wasan. Safar hannun da aka ba ni ta yi kauri, ba na jin madannin kyamarar, sai na cire ta dama. Ruwa yana watso mini, hannun ya yi zugi, ya yi zugi, can ya yi shiru, ni kuwa har daɗi na ji. Mai tuƙa kwalekwalen ya yi ta tambayata ko lafiya, ina cewa lafiya lau. To ya zan ce? Mu da muka taso a kan ko kana kwance rai a hannun Allah, in an ce ya jiki ka ce da sauƙi. Ga shi ni kaɗai ne baƙar fata a jirgin, ba na son a ce ɗan Afirka ya kasa.

Da muka koma babban jirgin ban gaya wa kowa ba. Na lallaɓa kicin na tarar da butar shayi a kan wuta, na rungume ta da hannun, yadda muke kanga hannu a wuta muna yara. Ban ji komai ba. Mai girkin jirgin ce ta kurma ihu ta fizge ni, fatar yatsuna biyu ta riga ta manne a jikin butar. Dattijon nan bai yi mini faɗa ba, ya dai ce da na yi magana, ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai za a sa hannun a ciki a hankali. Iska kuma ta taso, ba mu samu komawa gaɓa da wuri ba. Kafin mu kai asibiti manuniyata ta yi baƙi, aka yanke rabinta. Na tsakiyan yana nan, amma har yau kamar na aro.

Yanzu na koma bikin da na raina, ina danna kyamara da yatsan da bai saba ba, amare suna cewa na cika nawa. Hoton igiyar ya yi kyau, ba ƙarya, yana rataye a falo, baƙi suna yabawa, ni kuwa ba na son kallonsa. Matata ba ta taɓa ce mini ai ta faɗa ba, wannan ya fi damuna.

'Yan'uwa, sanyin ƙasar nan bai san kunya ko jarumta ba. In hannu ya mutu da sanyi kada ku kai shi wuta, in kuma wanda ya san wuri ya tambaye ku ko lafiya, ku faɗi gaskiya. Ni da safe 'yata kan kama yatsan nan na tsakiya in zan raka ta makaranta, sai na duba ƙasa nake sanin ta riƙe ni.