Injin busar da kayan Baban Hadiza

Sai da mai gyara ya taɓa jikin injin ya fizge hannunsa, sannan na gane abin da ya kashe mijina.

Mijin nawa, Baban Hadiza, wanki da guga yake yi a nan unguwar Briqueterie. Ya sayi injin busar da kaya mai lantarki, na gwanjo, saboda da damina tufafi ba sa bushewa a Yaoundé. Wata safiya na same shi kwance kusa da injin, babu takalmi, ƙasa a jiƙe, rai ya yi halinsa. Lokacin korona ne, kuma yana ɗan tari, sai kowa ya ce ita ce. Aka binne shi a gaggauce. 'Yan gaisuwa ma daga bakin ƙofa suke juyawa.

Da na fita takaba na so in ci gaba da sana'arsa, shi ne jiya na kira mai gyara daga unguwar Nkomkana.

Ya ce, "Hajiya, waya ta goge a ciki, wuta tana bin jikin ƙarfen. Bai taɓa jan ki ba?"

Na ce, "Yana ja na kaɗan-kaɗan. Silifas nake sawa, in naɗe hannu da tsumma."

"Kin faɗa wa maigidan?"

Ban faɗa ba. A gidajenmu firji ma yana ja, kowa tsumma yake sawa ya wuce.

Mai gyaran ya zare wayar daga bango, ya ce, "Allah ya jiƙansa."

Mahaifiyar Baban Hadiza tana Garoua, har yau cewa take annoba ce ta ɗauke mata ɗa. 'Yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara, in gaya mata gaskiya?

Injin dai ban gyara ba, ita ma ban kira ta ba.