Direban Manaja

Shekara talatin da ɗaya mahaifina ya yi yana tuƙa Manajan kamfanin siminti, ban taɓa jin ya ce "motar Manaja" ba. "Motarmu" yake cewa. "Gidanmu" kuwa ba ɗaki biyun nan da muke cunkushe a ciki ba ne, wancan ne mai baƙin get da furanni. In ya shigo yana washe baki wai yaranmu sun ci jarrabawa, ba ma ko ɗaga kai, mun san ba da mu yake ba.

Ya san lambar takalmin kowane ɗan Manaja. Ni kuwa, 'yarsa ta fari, a gaban malaminmu ya juya ya tambayi Inna ajina nawa. Hatta gyaran murya irin na Manaja ya koya, da kaɗa makulli a yatsa, da "za mu duba" in an roƙe shi abu. Ya dawo yana ƙamshin turaren mota, ya rataye farar hular aikinsa a ƙusa, ya dube mu kamar wanda ya biyo gaida dangi na nesa. Ranar da aka kwantar da Inna a asibiti, yana filin jirgi yana jiran matar Manaja. Ban yafe ba, kuma ba na ɓoyewa.

Da Manaja ya rasu, ya fi kowa kuka. Ya bar hular a ƙusa, ya saka rigarsa mafi kyau, ya je ya zauna a sahun 'yan'uwa masu karɓar gaisuwa. Baffana da ya raka shi ne ya ba mu labari. Mutane na miƙo hannu, shi ma yana miƙawa yana godiya, sai ga babban ɗan Manaja, wanda ya riƙa kaiwa makaranta tun yana fitsarin wando.

"Direba, motar can ta tare get. Ga makulli."

Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, abin da ya sani ke nan. Mahaifina ya tashi ya gyara motar, har da goge gilashi. Kafin ya dawo, wani kawun mamacin ya zauna a wurinsa.

Da la'asar ya shigo ya zauna a bencin tsakar gida. Bai san ƙafar bencin ɗaya gajeriya ce ba, saura kaɗan ya kife. Ya daɗe yana kallona ina wanke-wanke.

"Ke, in ba na nan, me kuke kirana a gidan nan?"

Na san abin da yake son ji. Inna tana ta hararata daga bakin ƙofa, kalma ɗaya ce kawai, "Baba", ba za ta rage ni da komai ba. Amma na tuna gadon asibitin nan.

"Direban Manaja," na ce.

Ya gyaɗa kai, ya dubi hular da ke rataye a ƙusa. Can sai ya tambaye ni a hankali ko akwai ruwan sha, da inda muke ajiye kofi.